Awo a Shomolu

Ƙarfe goma na shiga maɗaba'ar Oga Rotimi,
jakata cike da kayan awo:
baƙar ƙwallo mai shan zafi kamar jikin mutum,
wata na'ura mai ido ɗaya, mai ƙirga haske,
da wata mai hular soso, aikinta saurare.

Littafin ƙa'ida na hammatata.
Can nesa aka rubuta shi, a wani gari mai sanyi,
inda ƙasashe suka zauna, baki ya zo ɗaya
cewa fatar ɗan Adam guda ce,
kunne kunne ne, ko a Legas ko a birnin Sin.

Ashe labarina ya riga ni isowa.
An ɓalle tagogin da tsatsa ta ɗaure shekara bakwai,
an aro fanka a shagon mai aski,
inji biyu cikin biyar na barcin ƙarya,
janareta kuwa an ja shi bayan katanga
kamar akuyar da ta yi ɓarna.

Na kafa ƙwallona daidai tsayin cibiya,
na ba ta rabin awa.
Lamba ta hau, ta hau, ta tsaya a bakin iyaka
tana sunkuyar da kai.
Oga ya yi murmushi, ya aiko da lemo mai sanyi.

Sai na hangi Tanimu mai yankan takarda.
Na ce, sannu da aiki.
Bai juyo ba.
Na ce, sannu da aiki, Malam!
Sai da inuwata ta faɗa kan wuƙarsa ya ɗago,
ya kafa ido a bakina
yana karanta gaisuwa kamar allo.

Na san wannan kallon.
Shekara ashirin da biyu babana ya yi a masaƙar Isolo,
ya dawo Agege da agogon bango na sallama
da kunnuwan da ba sa jin bugunsa.
Ladan ya yi kira, sai mun taɓa kafaɗarsa.
Ranar da na ci jarrabawa
sau uku na ɗaga murya,
har maƙwabta suka riga shi murna.

Littafi ya ce: cikin awa takwas, kada ƙara ta wuce kaza.
Ya ce haske ya ishi mai duba ƙananan baƙaƙe.
Ya ce a ba gumi hanyar bushewa.
Bai san ɗauke wuta ba,
bai san iskar teku da ke zuwa a jiƙe
ta manne a wuya kamar bashi ba,
bai san mutum kan cire toshin kunne
don kada oga ya kira sunansa sau biyu ba.
Amma kafin shi, me muka riƙe?
Haƙuri, da Allah ya kawo sauƙi.

Na ce, Oga, tashe su duka.
Dawo da janareta mazauninsa.
Rufe taga yadda take jiya.
Murmushi ya bushe, ya ce, Madam, ai mu yi magana.
Na ce, yanzu za mu yi, in za mu ji juna.

Ƙasa ta soma rawa daga tafin ƙafa zuwa haƙori.
Lamba ta tsallake iyaka ba sallama.
Bakin Oga na motsi,
ni ma na koma karanta leɓe.

Na tsinci guntun takarda na rubuta: Tun yaushe?
Tanimu ya ajiye wuƙa,
ya ɗaga yatsu tara,
na goman dama babu shi.

Fom ɗina ba shi da gurbin wannan.
Na rubuta a gefe, da jan biro.
Lemo na bar shi kan tebur yana nasa gumin.

A cikin danfo kwandasta na ihun Oshodi, Oshodi,
kunnena na ta ƙugi,
na awa ɗaya tak.